Kogon Dagaci

Babu wanda bai yi wa Yaya Nuruddeen dariya ba a unguwarmu ranar da ya kawo tankin kifinsa Kazaure, kuma ni Sadiyya, ƙanwarsa, ni ce kan gaba. Mutum ya yi shekaru yana aikin jirgin ruwa a Fatakwal, ya dawo gida, maimakon ya sayi shanu ko ya kafa kiwon kaji kamar kowa, sai ga shi da tankin gilashi mai tsawon gadon yara, da buhun wani gishiri da ba a miya da shi, da kifayen teku waɗanda ko mage ba za ta ƙoshi da su ba. Ga dam nan a bakin gari cike da tarwaɗa da karfasa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duwatsun. Garin da duk inda ka juya dutse ne, amma sai da ya sa aka aiko masa da wasu farare masu ramuka tun daga Legas, wai na teku ne.

Yini guda ya yi yana jera su, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya ɗora wannan ya sauke, ya ja da baya ya karkace kai ya duba, ya sake. Da ya gama, ga wani kogo a tsakiya, ga ƙofa a gefe wadda kifi zai bi ya wuce. Kifayen uku ne. Biyu masu ruwan goro da farin zane, kullum suna tare, ba ruwansu da kowa. Na ukun shuɗi ne, bai fi babban yatsa ba, amma yana shiga ya kama kogon nan ya hana kowa leƙawa. Yaya ya sa masa suna Dagaci.

A farkon damina Yaya ya rasu, a hatsarin mota kan hanyar Kano. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yau ba na iyawa.

Mahaifiyarmu, Inna Barira, mutuniyar da ce. Yaya ne ɗanta na fari, saboda haka tun da nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, kuma ba ta taɓa taka sashensa ba yana raye. In ya gaishe ta, a taƙaice take amsawa tana kallon wani wuri. Ko a zaman makoki ba a ga hawayenta ba, mata suna ta yaba dauriyarta. Amma bayan an watse, sai ta fara wani abu. Kullum da hantsi ta ɗauki tabarmarta ta shiga falonsa, ta zauna gaban tankin da carbi a hannu, har a kira azahar. Ranar farko ta kafa mana doka, ni da Muhsina matar Yaya.

"Duk abin da ke cikin nan, yadda ya bar shi haka zai zauna. Kada wanda ya taɓa."

Muhsina tana takaba a gidan, ba su samu haihuwa ba, kuma ita kaɗai ta san sirrin tankin. Ita ke haɗa ruwan gishirin, ita ke duba sola don kada injin ruwan ya tsaya, ita ke ba su abinci. Ta durƙusa ta ce to, Inna.

Ana cikin haka wani mai sayar da kifin ado a Kano ya kira wayar Yaya. Ashe kafin rasuwarsa ya zaɓi wani kifi, sai yanzu ya iso daga Legas. Da mutumin ya ji labari ya yi salati, ya yi ta'aziyya, ya ce zai ba direba ya kawo. Ni na je tasha na karɓo, a cikin kula, an ɗaure a leda da ruwanta. Rawaya ce, siririya, mai dogon baki. Muhsina tana ganinta ta toshe baki da mayafi.

"Ƙwaiduwa ce," ta ce. "Tun kafin ta zo ya raɗa mata suna. Ya yi ta nuna min hotonta."

Inna ta matso da tabarmarta kusa. Ranar har la'asar ta kai a falon.

Ba a kwana biyu ba Dagaci ya nuna halinsa. Ƙwaiduwa ta fi shi girma nesa ba kusa ba, amma da ta doshi duwatsun sai ya fito kamar an harbo shi, ya kai mata cizo, ya kora ta har ƙarshen gilashi. In aka zuba abinci ya hana ta sakat. Tun tana gwada saukowa har ta haƙura, ta koma can sama a lungu bayan bututun injin, ta lafe. Jelarta ta fara yagewa, kalar ta dusashe. Ni kam na tsani ɗan shuɗin nan, na ce a kamo shi a jefa wa kaji.

"Ba mugunta ba ce, Sadiyya," in ji Muhsina. "Gidansa yake tsaro. Duk tankin ya ɗauka nasa ne, don ya san kowane rami. Kuma ba ya kamuwa, da ya ga raga zai shige kogo."

Ta gwada duk abin da ta koya a wurin mijinta. Ta riƙa zuba abinci a gefe biyu lokaci ɗaya. Ta jingina madubina a jikin gilashin don Dagaci ya ga kansa ya yi ta faɗa da inuwarsa. Ya yi kuwa, har na yi dariyar da rabona da ita tun rasuwar, amma kafin mako ya gane, ya koma kan Ƙwaiduwa. Daga nan Ƙwaiduwa ta daina cin abinci gaba ɗaya.

Saura hanya ɗaya, kuma Muhsina ta san ta tun farko, tsoron faɗa take. Ga shi takabarta ta zo ƙarshe, mahaifinta ya aiko daga Babura cewa ranar Asabar za a zo a tafi da ita. Ranar Laraba da hantsi ta ja ni muka shiga falon tare, ta durƙusa a gefen tabarma.

"Inna, ina neman alfarma."

"Ina jin ki, 'yar nan."

"Rawayar nan ba za ta kai Juma'a ba. Maganin abin shi ne a kwashe duwatsun duka, a sake musu zama. In shuɗin ya rasa kogonsa, shi ma ya zama baƙo, kowa sai ya nemi wurinsa daga farko. Haka marigayi ya ce ana yi."

Inna ta ci gaba da jan carbi kamar ba da ita ake ba. Can ta ce, "Shi ya jera su."

"Shi ne, Inna."

"Da hannunsa."

"Ita ma shi ya zaɓe ta, Inna," na ce, don ni bakina ba ya shiru. "Ko gani bai yi ba. In ta mutu fa?"

Ta ɗago ta yi min wani kallo da ya sa na sunkuyar da kai. Ta naɗe tabarmarta ta fita, ko azahar ba a yi ba. Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, mutum yana raye ba ki taɓa kallonsa ido da ido ba, yanzu kuma kin zo kina gadin duwatsu. Sai daga baya na gane cewa mu kowa yana da abin riƙewa. Muhsina tana da shekarun da suka yi tare, ni ina da faɗanmu da tsokanarmu. Inna kuwa kunya ta hana ta tara komai, sai wannan jerin da take zuwa ta kalla.

Washegari da safe muka tarar da Ƙwaiduwa ta karkace gefe guda a lungunta, tana numfashi da ƙyar. Muhsina ta zauna a ƙasa tana kuka mara sauti. Ba mu ji shigowar Inna ba. Ta daɗe a tsaye gaban gilashin, ba tabarma a hannunta, tana kallon yadda Dagaci ke tasowa daga kogo ya je har sama ya ciji wadda ko gudu ba ta iya yi.

"Kawo min baho," ta ce.

Na tashi da sauri zan naɗe hannun riga, ta ɗaga min hannu.

"Ba ke ba. Ba ita ba. Ni zan yi."

Ta cire awarwaronta ta ajiye a kan kujera. Muhsina ta sa ta wanke hannu da ruwa zalla, ba sabulu, ta ɗebi ruwan tankin a baho, ta kashe fitilar sama. Inna gajeriya ce, sai da na kawo mata kujerar tsugunno ta taka. Ta yi bisimilla ta tura hannu har kafaɗa.

Dutsen saman kogon ta fara ɗagawa. Ta fito da shi yana zubar da ruwa, ta riƙe shi a ƙirji, rigarta duk ta jiƙe, ta ƙi saka shi a bahon. Sai da Muhsina ta ce a hankali, "Inna, kada ya bushe," sannan ta sunkuya ta ajiye. Sauran ba ta tsaya ba. Ɗaya bayan ɗaya ta kwashe su, ruwan ya gurɓace da yashi, har tankin ya zama fili fetal, kifayen huɗu suna ta kai da kawowa babu wurin ɓuya.

"Yanzu yaya?" ta tambaya.

"Ki mayar da su yadda kika ga dama, Inna. Kada dai ya yi kama da na da. A raba su gida biyu, a bar fili a tsakiya."

Ta tara wasu a dama, wasu a hagu. Ba kyau jerin, gaskiya, kamar an jibge murhu biyu. Da ta sauko, na ba ta tawul ta ƙi karɓa. Ta zauna a ƙasa, kan siminti, muka zauna tare da ita.

Ruwan ya ɗauki lokaci kafin ya kwanta. Wajen azahar Ƙwaiduwa ta saki lungunta, ta sauko a hankali, ta shige ƙarƙashin tarin hagu. Babu wanda ya kore ta. Muhsina ta yayyafa abinci kaɗan, muka ga dogon bakin nan ya leƙo ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya koma, ya sake leƙowa. Muhsina ta ce alhamdulillahi, ta ce in Allah ya so za ta tashi.

Inna ba ita take kallo ba. Dagaci take kallo. Ya je tsakiyar tankin, daidai inda kogonsa yake a da, ya tsaya a kan farin yashi. Ya zagaya, ya tafi dama, ya dawo wurin. Ya tafi hagu, ya wuce Ƙwaiduwa ko kallonta bai yi ba, ya sake dawowa wurin ya tsaya.

"Nema yake," in ji Inna.

"Eh, Inna. Amma kada ki damu. Kwana kaɗan zai samu wani ramin, ya saba, ya manta da wancan."

"Zai manta?"

"Zai manta, Inna."

Inna ta dubi hannunta, gishiri ya fara bushewa fari a kan fatar.

"Abin da nake tsoro ke nan, 'yar nan," ta ce.

Sai ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka, irin mai ƙarfi, har maƙwabta suna ji. Aka kira salla, babu wadda ta motsa a cikinmu.