Sandar Boka a Falon Badaru

Tun ranar da Badaru ya shigo gida da sandar nan matarsa Kubura ba ta sake samun sukuni ba. Doguwar sanda ce baƙa, kanta sassaƙen mujiya, an jera mata wuri, an ɗaure wuyanta da jan ƙyalle. Ya buga ƙusa ya rataye ta a falo, daidai inda duk mai shigowa sai ya yi ido biyu da ita.

Badaru direban keke mai ƙafa uku ne a unguwar Abakpa Nike da ke Enugu, kuma mayen kallon finafinan Igbo. Ya rantse cewa wannan ita ce ainihin sandar da boka ya riƙe a wani tsohon fim da yake mutuwar so, a kasuwar Ogbete ya same ta wurin mai sayar da tsofaffin faifai.

Matsalar ita ce Kubura waina take soyawa a ƙofar gida, kuma ƙofar falon a buɗe take yini. Mata suka fara leƙe suna raɗa. Aka ce mijinta ya shiga tsafi, wasu suka ce da sandar ake jawo mata ciniki. Masu saye suka janye. Har Malam Habibullahi, limamin unguwa, ya aiko a tambaya cikin mutunci ko lafiya.

"Baban Munira, don girman Allah ka sauke abin nan," in ji ta.

"Kayan fim ne fa, ba na tsafi ba. Ke ba ki san tarihi ba."

"To mu je ka nuna mini tarihin. In na fim ne, in ji da kunnena, in samu abin gaya wa mutane."

Ranar Asabar suka naɗe sandar a zani suka nufi Ogbete. Mai faifan ya dafa ƙirji ya ce, "Madam, na original!" Da Kubura ta tsare shi da tambayar inda ya samo ta, sai ya hau sosa ƙeya, ya ce surukinsa ne ya kawo daga Onitsha, shi ma daga hannun wani Bahaushe mai suna Isah a unguwar Fegge ta can Onitsha.

Kubura ta so a tsaya nan. Badaru kuwa murna ta kama shi, wai ga shi magana ta fara fitowa. Haka ta rufe kaskonta washegari, suka hau motar Onitsha. A hanya zanin ya zame, kan mujiyar ya leƙo, matar da ke kusa da su ta ƙwalla ihu tana kiran sunan Yesu. Da ƙyar direba ya yarda ya ci gaba da tafiya da su, bayan an tura sandar can bayan mota tare da buhunan garin rogo.

Sun sha yawo a Fegge kafin su samu Isah a bakin masallaci, dattijo mai sayar da carbi da turare, wanda a da yake yi wa 'yan fim dakon kaya. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da mutanen Enugu, Kubura tana ta cije leɓe. Isah ya juya sandar ya ce lallai ta bi ta hannunsa, amma bai san asalinta ba. Wata mata mai ba 'yan fim hayar sutura ce ta ba shi lokacin da za ta koma Fatakwal.

"To sai Fatakwal ke nan," in ji Badaru, har ya miƙe.

"Wallahi ƙafata ba za ta taka Fatakwal saboda icen nan ba," in ji Kubura. "Baba, ba ku da lambarta?"

Yana da ita. Aka kira ta a waya ta bidiyo, Badaru ya ɗaga sandar da hannu biyu yana washe baki. Matar ta matso da fuskarta, ta duba, sai ta fashe da dariya har da tari. Ta ce ita ta sa aka sassaƙa wannan da wasu irinta da yawa, bayan fim ɗin ya yi kasuwa, don 'yan makaranta masu wasan ranar al'ada. Ta asalin kuwa ai an ƙone ta ƙurmus a gaban kyamara, a ƙarshen kashi na biyu.

"Oga, you no watch part two?" ta tambayi Badaru.

Badaru ya sauke sandar a hankali. Ashe bai ma san fim ɗin yana da kashi na biyu ba.

Kubura ta karɓi wayar ta roƙi matar ta maimaita bayanin a saƙon murya, ta faɗi a fili cewa icen mangwaro ne da fenti, babu abin da aka taɓa yankawa a kansa. Ta tura wa matar liman tun kafin su bar Fegge.

A motar komawa Badaru ya zuba tagumi har suka wuce Awka. Kubura ta fara jin tausayinsa, tana shirin ba shi baki, sai ya juyo idonsa na ƙyalli.

"Maman Munira, kin san wani abu? Tunda ta asalin ta ƙone, ai wannan ce mafi kusa da ita a duniya. Darajarta ma ƙaruwa ta yi."

Ta dube shi, ta dubi titi, ta roƙi wani fasinja su yi musayar kujera.

Da suka isa gida ba ta yi shawara da kowa ba, ta cusa sandar a bayan durowa. Masu waina suka dawo da kaɗan-kaɗan. Badaru kuma ya shiga bin shagunan faifai yana cigiyar kashi na biyu, ya ce sai ya ga ƙonewar da idonsa zai yarda.