A Wace Gaɓa Aka Haifi Arlen Skogen?

Ranar Talata da hantsi mujallar ta iso Bratvold. Kafin rana ta take, babu wanda bai san abin da ke shafi na arba'in da biyu ba sai Verna Rustad.

Tana bayan kantarta a tsohon filin ƙanƙara na garin, tana zuba wa iyayen yara gahawa, sai ta lura layin ya yi tsit. Mutanen da kullum sai ta ce su rage surutu, yau kowa ya karɓi kofinsa ya sunkuyar da kai. Gordy Hovland ne ƙarshen layi. Bai nemi gahawa ba. Ya ajiye mujallar a gabanta a buɗe, ya danne ta da yatsa.

"Karanta, Verna. Ko in ara miki tabarau?"

Jerin gwanayen 'yan hokin ƙanƙara da Amurka ta haifa ne, jiha-jiha, kowace jiha mutum biyar. Idonta ya fara sauka kan jiharsu, Minnesota. Babu ƙanenta a ciki, kuma ba ta yi mamaki ba. Jihar da kowane ƙauye ke da nasa gwanin, ko hamsin aka jera da wuya Arlen ya shiga. Sai yatsan Gordy ya gangara ƙasa. Dakota ta Arewa. Na biyu: Arlen Skogen, shekara goma sha ɗaya a babbar gasa, haifaffen Kelvik.

Kelvik! Garin nan na tsallaken kogi, waɗanda aka shekara saba'in ana zubar wa juna haƙora da su a kan ƙanƙara.

"Kuskuren bugawa ne," in ji Verna.

"Allah ya sa." Gordy ya naɗe mujallarsa. "Asabar dai majalisar gari za ta zauna. Kin san ƙa'ida, da hannunki a kai."

Ta sani. An gama gina sabon fili, saura suna. Sunaye biyu suka rage: na Arlen, da na marigayi Koci Hovland, mai horar da yaran garin, mahaifin Gordy. Ƙa'idar kuwa layi ɗaya ce: sai haifaffen Bratvold. Shekara uku Verna tana bin gida-gida, babu taron cocin da ba ta kai tukunyar dankali da niƙaƙƙen nama ba, har ta ƙulla ƙuri'a huɗu cikin bakwai. Yanzu ga shafi ɗaya zai kwance mata su.

Ta rufe kantar tun lokaci bai yi ba, ta ja mota zuwa gida. Ko takalmi ba ta cire ba ta taka kujera, ta sauko da gwangwanin biskit daga saman kabad. Ta juye maɓallan mahaifiyarsu a kan tebur. Shekara sittin da huɗu takardar haihuwar Arlen tana kwance a ƙarƙashinsu. Yau babu ita.

Labarin haihuwar nan kowane yaro a Bratvold ya san shi. A Janairun 1955 gada tana can mil goma sha biyu kudu, likita kuma a Kelvik yake. Idan kogi ya daskare, ta kansa ake tsallakawa da mota. Akan kafa tsofaffin itatuwan Kirsimeti a jere don nuna hanya, a tsakiya kuma a ajiye gangar mai, iyakar jiha da jiha ke nan. Motar babansu ta kafe a dusar ƙanƙara, aka haifi Arlen a kujerar baya. "Taku goma kafin ganga," haka tsohon yake faɗa har ya koma ga Allah. Likitan da ya zo dai, Kelvik ya rubuta a matsayin wurin haihuwa, shi ya sa takardar ta shiga gwangwani. A lokacin Verna tana da shekara bakwai, tana kujerar gaba. Abin da ta gani da idonta kuwa, ko mijinta ba ta taɓa faɗa wa ba.

To wa ya san gwangwanin?

Ta zauna ta ƙirga duk wanda ya taka gidan tun kaka. Fasto ya zo sau biyu, amma shi ko sandar hoki bai san yadda ake riƙewa ba. Mai gyaran famfo ya wuni a kicin, kuma matarsa 'yar Kelvik ce. Sai Bev, matar Gordy. A watan Oktoba ta kawo mata wainar dankali haka kawai, babu biki babu rasuwa, ta ce za ta shiga bayi, ta daɗe. Me ya daɗar da ita? Kuma tun yaushe Bev take ba da abu don Allah?

Laraba ta tare mai gyaran famfo a gidan mai, ya rantse har hularsa ta faɗi. Ta tsaya a gidan waya ta tambayi wanda ya aika babbar ambulan a kwanakin baya, aka ce mata ba a faɗa. Duk inda ta shiga sai hira ta mutu. A shagon burodi ta ji wata tana cewa, "Dama hancinsa irin na can ne."

Alhamis ta shiga shagon Gordy, inda yake wasa wa yara ƙarfen takalmin ƙanƙara. Ta zare wayar injin daga bango.

"Ka ce wa Bev ta dawo mini da takardata."

"Wace takarda?"

"Kada ka raina mini hankali, Gordy. Na san ka tun kana fitsarin kwance."

Ya ɗaga gilashin da ke fuskarsa, ya dube ta. "Ashe akwai takarda a gidanki. To yau na ji."

Verna ta ciji leɓe. Da bakinta ta ba shi.

"Saurara," ya ce. "Ina son sunan Baba a bangon nan, ban ɓoye ba. Amma ba ta bayan gida ba. Ni ma zargi na yi wani ne ke son a ce ni ne, sai na buga wa masu mujallar waya. Yarinyar da ta ɗauka ta ce wasiƙa aka aiko musu da rubutun hannu, da hoton takardar a ciki. Ba ta ba ni suna ba. Ta dai yi dariya, ta ce mai wasiƙar har gyara ya yi musu. Wai sau ɗari da tamanin da bakwai Arlen ya ci raga, ba da shida ba."

Verna ta tsaya da wayar injin a hannu.

Cin ragar nan guda ɗaya. Wani wasa a 1981, faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo ya goge sandar Arlen kafin ya shiga raga, aka rubuta wa abokin wasansa. Duk duniya mutum ɗaya ne bai manta ba, kuma duk shekara a kan teburin Kirsimeti sai ya tayar da maganar. Shi ne kuma yake da mabuɗin gidanta, don shi yake kwashe mata ƙanƙarar ƙofa.

"Mayar mini da wayata," in ji Gordy. "Yara na jira."

Juma'a da rana ta sami Arlen a bukkar katakonsa ta kamun kifi, a kan kogi. Ya duƙa a bakin ramin da ya huda a ƙanƙara da guntun ƙugiyarsa, gwiwarsa mai ciwo a miƙe. An yanke shafi na arba'in da biyu an kafe shi da ƙusa a bango.

"Rufe ƙofa, Yaya, zafi na fita."

"Ɓarawo."

"Takardata ce. Sunana ke jiki."

"Kwana uku ina zargin bayin Allah! Na sa mutum rantsuwa a gidan mai!" Ta cire safar hannu ta jefe shi da ita. "Shekara uku, Arlen. Ƙafafuna sun kumbura a kan sunanka."

"Kin taɓa tambayata ko ina so?"



Ya ajiye ƙugiyar. "Kin san ni ne na nawa a Minnesota? Na sittin da uku. Da kaina na zauna na ƙirga. Shekara goma sha ɗaya, haƙora tara, gwiwa ɗaya, na sittin da uku. Duk jerin da aka taɓa yi, sai in karanta har ƙasa in juya shafi, in ga tallar taya." Ya nuna bango da haɓa. "A can ni ne na biyu. Jikana ya kira ni daga Denver, ya ce ya kai shafin makaranta."

"Filin fa? Sunanka da manyan haruffa, a garinku!"

"Koci Hovland ne ya saya mini takalmin ƙanƙarata na farko. Shekara talatin yana watsa ruwa a tsohon fili da asuba don ya daskare, hannunsa na daskarewa a jikin tiyo. Ni tafiya na yi, shi ya zauna. In aka sa sunana, kullum na wuce sai na kau da kai."

"Ka zama ɗan Kelvik ke nan. Ka san me ake cewa a kan hancinka?"

Ya yi dariya har ya yi tari. Sannan ya dube ta da kyau. "Gobe a majalisa shugaba Lorna za ta tambaye ki. Ke kaɗai kika rage a cikin waɗanda ke motar. In kika ce taku goma kafin ganga, takardar likita ta tashi a banza. A ba ki filinki, 'yan gari su rubuta wa mujalla, a cire ni." Ya ɗauki ƙugiyarsa. "Ni ban ga komai ba ranar, Yaya, ina fama da kaina. Ina gangar take?"

Ta ɗauki safar hannunta ta fita. Ba ta rufe ƙofar ba.

Asabar da ƙarfe goma zauren da ke ƙarƙashin coci ya cika, har da masu tsayuwa a matakala. Lorna Wentz, shugabar majalisar garin, ta buga cokali a jikin kofi.

"Kowa ya ga mujalla. Likita ya rubuta Kelvik, amma likita bayan an gama ya iso. Verna, kina wurin. Maganarki za mu ɗauka."

Verna ta miƙe. Mutanenta huɗu suna zaune a jere, suna gyaɗa mata kai tun ba ta fara ba. Kalma huɗu kawai suke jira, kuma tun tana yarinya ta haddace su. Babu mai ƙaryata ta. Gordy ma ya harɗe hannu yana kallon silin, kamar wanda ya riga ya sallama.

Arlen yana can baya kusa da tukunyar gahawa. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. Gefen shafin nan a ninke yana leƙowa daga aljihun ƙirjinsa.

"Motar ta kafe," in ji Verna. "Mama tana ihu. Baba ya buɗe mini ƙofa ya ce in bi itatuwa da gudu zuwa Kelvik in kira likita. Na yi gudu har gaɓa, ina ƙirga itatuwan don kada in ji tsoro. Goma sha ɗaya ne." Ta dubi Lorna. "Ban wuce ganga ba. Tana bayanmu. Da na waiwaya na hango ta can nesa da motar."

Sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya.

"Tsufa ne!"

"Me 'yan Kelvik suka yi miki alkawari, Verna?"

"Ni fa na ga motarta a kan kogi jiya!"

"Dankalin da muka ci shekara uku, ashe na yaudara ne?"

Lorna ta yi ta buga kofi har ya tsage. Aka ɗaga hannu. Duka bakwai ɗin, babu ko ɗaya da ya ƙi, sunan Koci Hovland.

A bakin matakala Gordy ya tare ta, ya ƙanƙance ido. "Wace dabara ce kuma wannan?"

"Je ka auna haruffanka, Gordy."

"A'a, ni na san ki. Akwai abin da kike shiryawa."

"Matsa, in wuce."

Bayan mako biyu Bratvold ta je wasa Kelvik. Mutanen can ba su ɓata lokaci ba, har sun rataya ƙyalle mai sunan Arlen a saman filinsu, suka gayyace shi ya jefa faifan buɗe wasa. Verna ta tsallaka sabuwar gada cikin rigar sanyinta mai launin Bratvold. Matar da ke kantar can ta bi rigar da kallo, ta bi fuskar, ta zuba mata gahawa rabin kofi. Verna ta kurɓa. Ruwa-ruwa, kamar yadda ta zata.

Ta zauna a ɓangaren Bratvold. Na damanta ya ɗan matsa, na hagunta ma haka. Mai sanarwa ya kira suna, ya ce ɗan Kelvik, ya ce sau ɗari da tamanin da bakwai. Arlen ya tako kan jan kafet yana ɗingishi, ɗaya ɓangaren duk suka miƙe tsaye suna buga ƙafa. A nata ɓangaren babu wanda ya motsa, idanu kuma duk suna kanta.

Verna ta ajiye kofin a tsakanin ƙafafunta. Ba ta cire safar hannu ba, ta sa hannuwan a ƙarƙashin bargon da ke cinyarta, ta tafa.