Minti Biyar a Gidan Gwaggo

Wata biyu ina bin shugabarmu a asibiti kafin ta bar mini hutun kwana ukun nan. Maigidana ya yi alkawarin kai mu bakin tafki, tafiyar awa ɗaya kacal. Tun da sassafe na gama girki, yara suka shige mota.

Muna fita layinmu ya ce, "Bari mu biya gidan Gwaggo, minti biyar."

Gwaggo ta rantse ba inda za mu sai mun ci abinci. Wajen rakiya ta ce, "Za ku wuce ƙofar kawunka ba ku leƙa ba?" Muka leƙa. Ashe famfon Kawu ya fashe, maigidana ya naɗe hannun riga. Ni kuma aka miƙo mini abin awon jini, tsofaffin gidan suka jeru. A ranar hutuna!

Ƙarfe shida muka isa tafkin, maigadi yana datse ƙofa. Autata ta fashe da kuka.

"Ba komai, sai mu dawo gobe," in ji maigidana.

Na fizge makullin motar. "Ni da 'ya'yana za mu dawo. Kai ai ka ga ruwanka a gidan Kawu."