Kujerar Gefen Tuta

Ranar da Auta za ta miƙa takardunta na kama aiki, ni ce na fi kowa rawar jiki a gidan, har na sa ɗankunne ɗaya na bar ɗayan a gaban madubi. 'Yata ce fa, wadda na yi ta goyo a filayen jirgi ina jan akwati, yau ga shi an turo ta jakadiya. Tun a jirgin da ya kawo mu ni da ubanta nake faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da ni, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Ubanta kuwa shi ma jakada ne, ya yi ritaya, kuma har yau Jakada muke ce masa a gida. Da riƙe wa manya jaka ya fara, yana bin bayansu yana rubuta abin da aka ce a taro, ya yi ta hawa a hankali har ya kai. Ƙasa mai sanyi mun zauna, mai zafi mun zauna. Akwai wadda yaƙi ya ritsa da mu a ciki, ya dinga kwasar ɗalibanmu a motarsa sawu-sawu yana kai su bakin iyaka, ba abin da ke kare su sai Allah sai ɗan ƙyallen tutar da ke gaban motar. Mutum ne da zai zaunar da maƙiya biyu su tashi suna musabaha. Amma a ce ya buɗe baki ya yaba wa 'yarsa, sai ka ce haƙori za a cire masa. Da aka ba ta muƙamin jakadiya, abin da ya ce kawai shi ne ta rage saurin magana.

Sai kuma maganar kujera. A aikinsu, in an shiga mota, jakada a baya yake zama, ta dama, gefen da tuta take, duk wanda ya rako shi kuma ya zauna hagu. Hagun nan ni na share shekara da shekaru a cikinta. Jakada ya bar aiki, amma bai bar kujerar ba. Tsohuwar motarmu ta gida, tasi, motar surukinsa, duk dama. Ranar da aka kai shi asibiti yana numfashi da ƙyar, sai da ya sa aka zagaya da shi.

Abin da ke cin ran Auta ke nan. Da safe ta ja ni ɗakinta ta rufe ƙofa, ta ce in ta dawo daga fadar shugaban ƙasar da aka turo ta za mu wuce ofishin jakadanci tare a mota ɗaya, ma'aikata za su jeru a waje su tarbe ta. In Baba ya shige kujerarsa, bakinta ba zai iya ce masa ya matsa ba, sai dai ta isa wurin aikinta a hagu kamar 'yar rakiya.

"Ba kujerar ce ta dame ni ba, Mama. So nake ko sau ɗaya ya yarda na kai."

Ta ba ni tausayi ƙwarai, na ce ta bar min shi. Bayan motar fada ta zo ta ɗauke ta, na same shi a falo yana goge takalmi, na fara kewaye-kewaye. Ni da na san da wa nake magana! Ya saurare ni tsaf yana gyaɗa kai, ya yaba hankalina, ya karkatar da zancen zuwa labulen falon. Ko da na farga, ni ce na amince zan ci gaba da sa masa sukari a shayi, maganar kujera kuwa ko kusa ba mu je ba. Haushi ya cika ni, na koma taga.

Motar ofishin na tsaye a farfajiya, tutar na cikin kubenta na fata, don ba a buɗe ta sai jakada ya miƙa takardu. Da hantsi motar fada ta dawo, ƙofa ta buɗe, Auta ta sauko fuskarta kamar za ta tsage don murmushi, direban motar ofishin ya je ya zare kuben, iska ta kaɗa tutar. Ban san lokacin da na sauka matakala ba, takalmina a hannu. Na rungume ta, na sake ta, na sake rungumewa. Jakada ya fito a nutse, ya tambaye ta ko da hannu biyu ta miƙa, ko ta juya wa shugaban baya wajen fita. Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "To." To kawai.

Direba ya buɗe ƙofar dama ya tsaya yana raba ido, jakadu biyu ga ƙofa ɗaya. Jakada ya wuce mu, kai tsaye ya nufi ƙofar nan yadda ƙafafunsa suka saba. Auta ta matse min hannu har zobena ya shige min nama.

Ya yi wa direban alama ya saki ƙofar, ya riƙe ta da kansa. Ya gyara tsayuwa, ya ɓalla maɓallin kwat ɗinsa, ya ɗan sunkuyar da kai.

"Ranki ya daɗe, bismillah."

Ta ce, "Baba..."

"Jakadiya ba ta barin tuta tana jira. Shiga."

Ta shiga, ya rufe a hankali, ya zagaya ta bayan motar ya zauna a hagu. Kujerata! Aka bar ni tsaye a rana, dole na shiga gaba kusa da direba, ina dariya ina mita.

A hanya na yi ta waiwaye. Ya kasa zama daidai, sai miƙa hannun dama yake yana laluben mariƙin da yanzu ba ya wurin. Can ya nutsu, ya zuba wa 'yarsa ido, sannan ya taɓa kafaɗata.

"Ashe daga nan ana ganin tuta da mai tutar gaba ɗaya. Duk shekarun nan ba ki faɗa min ba."

Na ce ai bai taɓa tambaya ba. Auta na dariya hawaye na zuba, ya ciro hankicinsa ya ba ta, ya ce ta share fuska, mutanenta na jira.

Suna nan kuwa a jere a ƙofar ofis. Ta fita, suka ɗauki tafi, ta bi su tana gaisawa. Na duba ina Jakada, sai na hango shi yana biye da ita ta hagu, a ɗan bayanta kaɗan, ya riƙe mata jaka.