Tutar da Aka Wanke

Shekara arba'in da ɗaya tutar ƙungiyarmu tana ƙasan akwatin Yaya, naɗe cikin farin zanen gado. Yaya matar aminina ce, wanda muke kira Mai Tuta. Shi ya riƙe ta ranar da muka yi yajin aiki a masaƙa, aka buɗe mana wuta a bakin get. Da ya faɗi bai yarda ta taɓa ƙasa ba, rungume ta ya yi a ƙirji. Jininsa na nan a farin gefen da ake zura sanda, ya bushe ya koma ruwan ƙasa.

Da ƙungiya ta gina sabon zauren taro, Ciyaman ya ce sai an kafa tutar ranar buɗewa. Sau biyu yana aikawa, Yaya da bakinta take ce wa 'yan aiken ba ta nan. Sai aka tuno da ni.

"Baba Sifana, kai kaɗai take jin maganarka," in ji Ciyaman, har da russunawa.

Na je. Ta daɗe tana kallona.

"Ƙanin miji, yanzu kai ne ɗan aiken masu kwat?"

"Yini ɗaya ne, Yaya."

"Ka san dokarta?"

Na karanto mata. Ba ta taɓa ƙasa. Ba a buga mata ƙusa, a sanda ake zura ta. Ba a rataya hoton kowa a samanta. In za a naɗe, mutum biyu ne, tabon yana ciki.

Ta miƙo min da hannu biyu. "Yadda ka karɓa haka za ka dawo min da ita. Abin da ya rage min nasa ke nan."

Duk dokokin nan na faɗa wa Sakatare, wani matashi mai ƙyallin takalmi, yana dannawa a wayarsa. Abu ɗaya ne ban faɗa ba, don mu da muka tsaya a get ɗin nan bai taɓa zuwa ranmu sai an faɗe shi ba.

Ranar buɗewa na isa da hantsi. Ga tuta a sanda, tsakaninta da ƙasa kamu uku, babu ƙusa, babu hoto. Sai ƙamshin sabulu da sitaci. Gefen nan fari tas.

"Baba, ka ga yadda ta fito?" Sakatare ya ce yana washe baki. "Wani datti ne ya kama gefen. Mai wanki ya sha fama, sai da ya sa bilic."

Na nemi kujera na zauna. Aka yi jawabai, aka tafa, aka ambaci Mai Tuta sau shida. 

Ni dai ban yi boko ba, amma na ga duniya. Bayan an rufe masaƙa dillancin tsofaffin injuna na yi, na san yadda ake mai da tsoho sabo, sabo kuma tsoho. Na kai tutar gida, na dafa ganyen shayi da ƙusoshi masu tsatsa, na ɗiɗɗiga a gefen, na shanya a inuwa. Da ta bushe ni kaina sai da gabana ya faɗi. Ya yi kama ƙwarai.

Washegari da yamma na kai mata. Ta shimfiɗa ta a kan gado, ta aza tafin hannunta a kan tabon. Ya yi wa hannun yawa ta ko'ina.

"Nasa daidai tafina yake," ta ce. "Duk shekara ina azawa."

Ta sunkuya ta sansana. "Shayi ne?"

Na faɗa mata komai, daga Sakatare har ƙusoshin. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi.

"Yaron nan bai sani ba, shi ya sa ya wanke. Kai ka sani. Da fara ka kawo min ita, da mun zauna mun yi kukan tare."

Na miƙa hannu in kama ɗaya gefen mu naɗe, ta janye. Ita kaɗai ta ninke ta, tabon a waje, ta ɗora min a cinya.

"Kai musu, Malam. Su buga mata ƙusa in sun ga dama."

Malam. Tun ranar da ta shigo gidan aminina ba ta taɓa kirana haka ba.

Ban kai musu ba. Tana saman kabad ɗina cikin zanen gado, ba ta taɓa ƙasa. Ciyaman ya aiko sau biyu, na ce ba na nan. Duk sati nakan bi ta ƙofar Yaya in yi sallama, takan amsa daga ciki, amma ba ta cewa in shigo.