Mafarkin da Aka Rubuta Kafin a Kwanta

Auta ya yi wa mutum dubu tara ƙarya, kuma ba suɓutar baki ba ce. Zama ya yi ya tsara ta, ya sa mata rana da sa'a kamar yadda ake ɗaura ƙararrawar agogo. Wanda ya kama shi ubansa ne, a ranar da uban ba ya gani da ido ko ɗaya.

Uban mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai yankan mabuɗi da mai ɗinkin jaka, gilashi maƙale a idon dama, matsefata a hannu. Taƙamarsa ɗaya ce: agogo bai taɓa fita daga shagonsa yana faɗin lokacin da ba shi ba. In ya gyara, sai ya rataye shi kwana uku yana auna shi da babban agogon bango. Mai shi ya yi fushi ya huce, ba zai karɓa ba sai kwanakin sun cika.

Shi ya koya wa Auta gane mafarki tun yana cikinsa. Auta yana ƙarami yakan firgita a barci, sai uban ya ce masa, “Duk inda ka ga agogo, dube shi, ka kau da kai, ka sake dubawa. A farke, hannayen suna nan inda ka bar su. A mafarki ba sa zama wuri ɗaya. Da ka ga sun canja, to barci kake, ba abin da zai cinye ka. Juya ka tambayi abin da ke bin ka me yake so.”

Dabarar ta yi aiki. Da Auta ya girma ya yi aure, sai ya buɗe shafi a intanet ya sa masa suna Ɗan Mai Agogo. Kullum ƙarfe bakwai na safe rubutu yake fitowa, kullum da kalmomi biyu yake farawa: “Daren jiya.” Daren jiya ya gane mafarki yake, ya tashi sama ya leƙa rufin gidaje. Daren jiya ya tsayar da kare mai kai biyu ya shafa shi. Mai yankan mabuɗi ne ke karanta wa tsohon, shi kuma ya ɗaga kai ya dubi agogon bango.

“Bakwai cif,” in ji shi. “Ko minti bai taɓa gotawa ba. Wannan jinina ne.”

Sai yanar ido ta rufe wa tsohon idon dama, na hagu kuwa da ma ya daɗe da dusashewa. Aka yi masa aiki, likita ya ce ya kwana a asibiti saboda jininsa ya hau. Auta ya jawo kujerar roba ya zauna gefen gado. Barci ya ƙi tsohon, hannunsa sai kai wa bandeji yake, Auta kuma yana riƙe hannun yana jan shi da hirar agogunan da suka fi ba shi wahala. Haka har gari ya waye. Ko gyangyaɗi Auta bai yi ba, kuma tsohon ya sani, don duk sanda ya motsa yatsa sai ya ji an matsa shi.

Da safe Auta ya fita neman ruwan zafi. Nas ta shigo da maganin ɗigawa, tana cikin wanke hannu wayarta ta yi ƙara a aljihu.

“Bakwai ta yi,” in ji tsohon.

“Baba, ido a rufe ma kana ganin lokaci?”

“Sana'ata ce, 'yata. Saƙon wa?”

“Wani shafi nake bi na masu mafarki. Ɗan Mai Agogo.”

Tsohon ya gyara kwanciya, ya ji ƙirjinsa ya buɗe. “To ga mai agogon a gabanki. Ɗan kuwa shi ya fita da fulas yanzu.”

“Wanda ya kwana a kujerar nan?”

“Shi. Karanta min in ji.”

Ta ciro wayar da murna ta fara. “Daren jiya na kwanta ƙarfe goma, matata ta kashe fitila, barci ya ɗauke ni nan take. Sai ga ni a tashar jirgin ƙasa, na dubi agogon tashar...” Muryarta ta yi ƙasa, ta tsaya.

Tsohon yana jin fanka tana juyawa, yana jin ana tura keken marasa lafiya a waje.

“Wataƙila na shekaranjiya ne,” in ji nas.

“Daren jiya ya ce.”

“Haka ya ce.” Ta ɗiga masa maganin, ta mayar da bandejin. Sannan ta ce, “Tun da yayana ya rasu a hatsarin mota nake mafarkin titi ɗaya. Wata huɗu ke nan ina duban agogo sau biyu, sau ɗaya tak na gane. Shi kuwa kullum. Na ɗauka ni ce ban da kai.”

Takun Auta ya shigo, fulas ya sauka a kan durowa.

“Auta, a wane gado ka kwana jiya?”

“Gado kuma, Baba? Ai kujerar nan ta gama min da baya.”

“To wa ya je tashar jirgi?”

Auta ya yi 'yar dariya, irin wadda yake yi tun yana yaro in ya fasa abu. “Au, wannan. Baba, tsara shi ake yi. Ka rubuta tun da wuri, ka sa masa rana da lokaci, shi zai fita da kansa. Kowa haka yake yi. Sista ma ta sani.”

“Ban sani ba,” in ji nas.

“Ni ma ina ɗaura ƙararrawa,” in ji tsohon. “Mutum ya ce in sa masa biyar na asuba, in sa, ta buga yana barci. Ba laifi a nan. Amma ban taɓa ɗaura ta ta ce biyar ta yi alhali uku ce ba. Guda nawa ke jira a layi?”

“Baba, ka bari mu je gida.”

“Guda nawa?”

“Ashirin da shida.”

“Wato ka riga ka yi mafarkin wata guda. Sannu da barci. Yaushe rabonka da na gaske?”

Tsohon ya ƙirga daƙiƙa goma sha ɗaya a ransa kafin Auta ya amsa.

“Tun kafin a haifi ƙaramar 'yarmu. Shekara da 'yan watanni. Ina kwanciya a gajiye, in tashi ban tuna komai ba. Mutane kuma suna jira. Ranar da na makara sau ɗaya, saƙo ya fi ɗari. Sai na fara zama ran Lahadi in rubuta na mako, daga baya na wata.”

“Karanta min na Juma'a.”

“Me ya sa na Juma'a?”

“Ran Juma'a uwarka take cika shekara biyar da rasuwa. Na san ɗan da na haifa, ba zai bar ranar ta wuce ba.”

Auta ya ƙi, uban ya miƙa hannu ya lalubo gwiwarsa ya riƙe. Sai ya karanta, da ƙyar ake jin sa. Daren jiya ya ga Inna a tsakar gida tana shanya, ya dubi agogo ya gane mafarki ne, ya tambaye ta ko tana fushi da shi, ta ce ta yafe masa komai, ta ce ya gaya wa masu karatu su ma nasu sun yafe.

“Yaushe ka rubuta?”

“Mako biyu da suka wuce.”

“Da rana tsaka, da shayi a gabanka.”

“E.”

“Ka sa wa matar da ke kabari magana a baki, ka ba ta ranar da za ta faɗa, bakwai na safe. Ni da na zauna da ita shekara talatin ban taɓa iya sa ta faɗin abu a kan lokaci ba.”

Nas ta yi dariya ba ta shirya ba, ta rufe baki. Auta bai yi ba.

Tsohon ya sake shi. Abin da ya fi ci masa rai ba tashar jirgin ba ce. Bakwai cif ɗin nan ce, wadda ya yi shekara yana nuna wa maƙwabta, ashe na'ura yake yabo. Amma hannunsa na dama har yanzu da ɗumi inda aka riƙe shi tun jiya, kuma wannan ba na'ura ce ta yi ba.

“Wauta ce ta fi ba ni haushi,” in ji shi. “Jiya ka yi abin da ya fi duk shawagin da kake yi a kan rufin mutane. Ka zauna a kujerar roba ka riƙe hannun tsoho har safe. Da shi ka rubuta, da na sa an buga an rataye min a shago. Ɗauko wayar.”

“Baba, in na faɗa shafin ya mutu.”

“To a binne shi da gaskiya. Goge ashirin da shidan nan, 'yata tana kallo, don ni ban gani. Sannan ka rubuta: daren jiya ban yi barci ba, kuma shekara guda ke nan ina yi muku ƙarya. Ka gaya musu dabarar agogo gaskiya ce, amma sau ɗaya a wata huɗu ma nasara ce. Ka danna da yatsanka, yanzu.”

“Suna zai zube, Baba.”

“Nawa ne sunan. Aro na ba ka. Cire shi daga kan shafin, sai ranar da ka yi mafarki na gaske ka zo shago ka faɗa min, in rataye shi kwana uku in gani.”

Auta ya rubuta, nas ta karanta wa tsohon kalma bayan kalma, ya sa aka cire “kuskure” aka sa “ƙarya”. Rubutun ya fita takwas saura minti huɗu, karo na farko cikin shekara guda da rubutu ya fita ba a bakwai cif ba. Tsohon ya tambayi lokacin, aka faɗa masa, ya ce ya yi daidai.

Kafin mako ya zagayo, masu bin shafin sun sauka daga dubu tara zuwa ɗari huɗu da 'yan kai. Gidan rediyon da ya gayyaci Auta hira ya janye gayyatar. Sunan Mai Agogo bai koma kan shafin ba har yau.