Soson da Yaya Ya Goge

Dutsen guga ne ya kashe majigin gidan kallon nan. Ba wutar lantarki ba ce, ba kuma hassadar maƙwabta ba kamar yadda wasu ke yawo da zancen. Yayana ne ya goge soson injin.

Tun tasowarmu wanki da guga ne sana'ar Yaya. Karin wandon da ya fitar sai ya yanka maka yatsa. Da bayansa ya ƙi, ya kasa sunkuyawa kan baho, sai ya koma zaman ƙofar gida yana faɗa da duk wanda ya gifta. 'Yarsa ta ga uban zai lalace, ta roƙi mijinta ya sama masa abin yi a gidan kallonsa, inda ake nuna ƙwallo. Surukin ya ba shi makulli da kujera a bakin ƙofa. Yaya ya farfaɗo. Ya share wurin tas, ya wanke farin zanen da hoto ke sauka a kai, har 'yan kallo suka fara jin nauyin zubar da ɓawon gyaɗa.

Majigin a rataye yake cikin kejin ƙarfe. Ni na ƙera kejin, walda nake yi. A gefen injin akwai 'yar ƙofa, a bayanta wani baƙin soso siriri. Filta sunansa, mu soso muke cewa. Iskar da fanka ke ja ta sanyaya ƙwan fitilar ta cikinsa take bi, shi kuma ya tare ƙura. Mai gyaran da ya ɗaura injin ya gaya wa surukin: a riƙa cirewa ana kakkaɓewa da buroshi mai laushi, in ya yi dauɗa sosai a ɗauraye a shanya a inuwa, in ya tsufa a sauya.

Ranar da Yaya ya ciro soson sai da ya yi salati.

"Wannan ƙazantar kuke shaƙa wa injin?"

Ya wanke, ya shanya. Soson ya bushe a tattare. To, Yaya bai taɓa mayar wa kowa kaya a yamutse ba. Ya hura gawayi a dutsen guga, ya ɗora ƙyalle a kan soson, ya danna. Soson ya fito sumul yana sheƙi. Ƙananan ramukansa duk sun narke sun haɗe.

Surukin yana tsaye. Daga baya shi ya gaya mini da bakinsa.

"Baba, da ka bar wahalar nan..."

"Wace wahala? Je ka ji da mutanenka."

"To, Baba. Sannu da aiki."

Daga nan injin ya fara gurnani. Jar fitila ta kama, ana cikin kallo ya ɗauke.

"Maigida, farfaɗiya gare shi ne? A kawo masa ruwa!" in ji wani ɗan kallo.

Surukin ya kafa fanka ta tsaye a ƙarƙashin kejin. Ya so ya sauya soson a ɓoye, amma kullum da safe Yaya sai ya ciro abinsa ya duba. Da kuma ya ga injin na ɗaukewa, sai ya ce tsabtar ce ba ta isa ba. Ya sake wankewa, ya sake gogewa.

Wata Asabar da la'asar wurin ya cika har bakin taga. Ana shirin bugun fanareti sai muka ji fas! Zane ya yi duhu, ƙaurin roba ya cika ɗakin. Aka kira mai gyara, cikin 'yan kallo ba wanda ya tafi. Mai gyaran ya hau benci, ya zaro soson, ya kai bakinsa ya hura. Kumatunsa kawai suka kumbura.

"Wannan ai tafin takalmi ne! Wane mahaukacin ya yi aikin nan?"

"Ni ne," in ji surukin da sauri.

"Kai? Kai da rigarka ba ta san guga ba?"

Aka kwashe da dariya. Yaya ya dafa ƙugu ya miƙe.

"Ni na goge."

Dariyar ta mutu. Bai kalli mai gyara ba, surukinsa ya kalla.

"Ka san ba a gogewa?"

Surukin ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake. Tun ranar ka sani?"

"Baba, nauyinka na ji."

"Ashe ba aiki ka ba ni ba. Lallaɓa ni kuke yi kamar majinyaci."

Ya rataye makullin a ƙusa, ya fita.

Na bi shi gida na ce, "Yaya, inji ne fa, an sa masa sabon ƙwai ya tashi." Ya ce ba injin ne ya dame shi ba. Surukin ya zo ya durƙusa, Yaya ya amsa gaisuwa lafiya lau, ya ce ba komai. Da ma zaginsa ya yi, da an wuce wurin.

Ɗakin 'yar tasa a bayan gidan kallon yake, ba ka isa gare shi sai ka ratsa ta gaban benci. Yaya bai ƙara taka wurin ba. Ta haihu, bai je ba. Takan kai masa yaron in ta samu sarari, amma ba kullum ake samu ba. Jiya ina wurin ta kawo shi, har ya fara tafiya. Yaya ya miƙa hannu yana washe baki. Yaron ya dube shi, ya fashe da kuka, ya ɓuya a bayan uwarsa.